Zuwairatu da Wasu Biyu

Kai mai karanta wannan, kada ka ɗauke shi abin dariya, ko da ka iso wurin da ya ba ka dariya. Wasiƙu bakwai ne da suka wuce tsakanina da ɗana da ƙanena a kakar bara. Na kwafe su yadda suke, ban goge laifin kowa ba. Ni ce Asama'u ta Batsari. Ina cikin 'yan matan da aka fara ɗiba aka kai makarantar kwana a birni, na yi shekara bakwai a can, na dawo na koyar da yara mata a garinmu. A unguwarmu duk wanda takardar Turanci ta zo masa, ni yake kawo wa. In kai ma haka kake a gidanku, to ka karanta a hankali, da kai nake.

*

Batsari, Alhamis, 10 ga Oktoba, 1957

Zuwa ga Akawu, ofishin alƙali, Safana.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da kawunka Hashimu da iyalinsa. Mu nan lafiya lau. An gama yankan gero, dawa ta kusa, mun gode Allah.

Bayan haka, yau sati shida ke nan rabonka da gida. Ranar da aka ba ka aikin nan ka ce mini duk sati biyu za ka hau keke ka zo. Safana ba Makka ba ce.

Matarka Indo cikinta ya shiga wata na takwas. Ba ta magana, ka san halin mutanensu, amma ina ganin yadda take ɗaga kai duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawar keke a ƙofar gida. Babanta Hamidu ya aiko daga rugarsu a Ruma cewa ƙarshen wata za su ɗauke ta goyon ciki, da yake haihuwar fari ce. Ka kuma san da shanu sun gama cin karan gonaki za su kora su kudu. Ba daidai ba ne yarinya ta bar ɗakinta mijinta bai zo ya sallame ta ba. Ba haka ubanka ya yi mini ba, Allah ya jiƙansa.

Sau biyu na aiko maka saƙon baki ta hannun Badaru mai goro, sau biyu ka ce masa "to". Har yanzu to ɗinka ba ta iso ba. Saboda haka na rubuta wa Baturen da ke rangadi a wajenku, da Turanci, na roƙe shi ya ba ka kwana uku. Kada ka ɓata fuska. Da ka yi abin da ya kamata da ban kai ga haka ba.

Aiki abu ne mai kyau, ni na fi kowa son ka same shi. Amma ba ofis ne zai tsaya maka ba ranar da Allah zai tambaye ka haƙƙin 'yar mutane.

Ka gaida kawunka. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka.

*

Safana, Lahadi, 13 ga Oktoba

Zuwa ga Inna.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fata kina lafiya, da ƙannena, da mutanen gida duka. Kawu yana gaishe ki.

Takardarki ta iso, na karanta, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ki yi mini haƙuri. Akwai abin da ya riƙe ni a nan wanda ba zan iya faɗa a takarda ba, sai mun haɗu. In Allah ya yarda kafin ƙarshen wata ko jim kaɗan bayansa zan zo.

Amma Inna, da kin bari ba ki rubuta wa Bature ba. Ya kira ni a gaban mutane ya tambaye ni ko uwata ce ke tsara wa En'e ranakun hutu. Masinjoji har yau suna ce mini ɗan Inna.

Ki gaya wa mai ɗakina ina gaishe ta, ta ƙara haƙuri. Ga turmin atamfa nan a hannun Badaru, nata ne.

Ɗanki mai biyayya,
Armaya'u.

*

Batsari, Juma'a, 18 ga Oktoba

Armaya'u,

Ba zan yi doguwar gaisuwa ba. Ka ga na rubuta sunanka, sunan da bakina bai taɓa kira ba tun da na haife ka, don kai ne na fari. Yau kunyar ta fita.

Jiya Badaru ya dawo mini da takardar da na aika wa Bature. Bai ma ba ni amsa a takarda dabam ba, a gefen tawa ya rubuta da jan alƙalami: "Not now. He is engrossing Zuwairatu and two others."

Kada ka yi zaton ban san kalmar ba. Ina shekara goma sha uku Baturiyar da ke koya mana ta same ni a gindin tsamiya ina saƙa, an kaɗa ƙararrawa sau biyu ban ji ba. Ta sa na rubuta kalmar nan sau hamsin a allo, ta ce ma'anarta abu ya cinye hankalin mutum gaba ɗaya har ya manta inda yake. To ga shi an ce kai ne kake cinye hankalin wata Zuwairatu, da wasu biyu. Uku ke nan. Har Bature, wanda ba ruwansa da addininmu, ya sani, ya kuma rubuta wa uwarka. Yanzu na gane abin da ba za ka iya faɗa a takarda ba.

Da takardar ta zo muna tsakar gida. Goggon Indo, Fanta, ta kawo nono kasuwa ta biyo ta sha ruwa. Ta ce, "Malama, me Nasara ya ce? Angon namu yana tafe, ko sai an yaye ɗan?"

Na ce ba ya tafe.

Ta ce, "To karanta mana mana. Ai don wannan aka kai ki birni."

Ni ban saba ɓoye gaskiya ba, ko a kan wa ta faɗa. Na fassara musu.

Fanta ta ajiye moɗa, ta ce, "Uku? A garkenmu ma akwai mai irin wannan hali, amma shi ƙafa huɗu gare shi."

Indo tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗaga kai ba. Sai da ta gama, ta juye a ƙwarya, ta rufe da faifai, sannan ta ce, "Inna, wa zan ba makullin akwatinsa?" Na ce su jira ƙarshen wata kamar yadda aka shirya. Fanta ta ce ai ƙarshen watan ya zo. Kafin la'asar sun tafi. Atamfarka tana kan gado, ko warware ta ba a yi ba.

Na sa ka makaranta mutane suna cewa zan lalata ka, kamar yadda suka ce an lalata ni. Shekara ashirin ina tafiya a garin nan kaina a ɗage don in nuna musu ƙarya suke yi. Ilmin da ba zai hana mutum bin matan mutane ba, gara jahilci da shi. Ka rubuto mini ko su waye, 'ya'yan wa, zawarawa ne ko matan aure. In akwai matar aure a ciki, kada ka sake taka gidan nan.

Asama'u.

*

Safana, Litinin, 21 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Asama'u.

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gajiya, ina yara. Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne, ba na makarantar kwana ba, kuma hannuna ya fi sabawa da almakashi.

Yaya, ran Asabar yaron nan ya shigo shagona ya zauna a benci, ya miƙo mini takardarki. Na karanta na ce, "Kai Armaya'u, mata uku? A kan wannan keken naka da faci ya fi taya yawa?" Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya yi nauyi.

Na san Zuwairatu, duk Safana an san ta. Mutuniyar garin Zakka ce, ta girme ki da shekara talatin, haƙori biyu suka rage mata, da sanda take tafiya. Wasu biyun kuwa maza ne, ƙannenta, Musbahu da Jinjiri, kowa da farin gemu. Shekara huɗu ke nan suna shari'ar wata fadama da 'ya'yan baffansu. An ɗaukaka ƙara, aka ce sai an juya duk abin da aka faɗa tun farko zuwa Turanci a kai sama, kuma ɗanki ne kaɗai mai wannan hannun a ofis. Kullum tsohuwar tana zaune a ƙofa tana leƙa taga tana cewa, "Ɗan nan, rubuta da kyau, kada Nasara ya ɗauka iyakar a gawo ta tsaya." In wannan ne cinye hankali, to wallahi ya cinye nata.

Yaron ya rame, yatsunsa duk tawada. Amma ba zan wanke shi duka ba. Sau uku ina ce masa ya hau keke bayan sallar Juma'a ya kwana gida ya dawo, yana ce mini saura kaɗan. Ko a wajen cin tuwo za ki yi masa magana ya dube ki kamar daga rijiya kike kiransa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya Manu wan Indo ya zo da saƙon Hamidu. Ya tsaya a bakin shago, na ba shi wuri ya ƙi zama. Ya ce a ba su takardar 'yarsu kafin su tashi, kuma kwana goma sha biyu ya rage su tashi.

Yaya, kin san ban taɓa gaya miki abin da za ki yi ba, tun muna yara ke ce mai faɗa. Yanzu ma ba zan fara ba. Na dai gaya miki abin da idona ya gani.

Ƙanenki,
Hashimu Tela.

*

Safana, Talata, 22 ga Oktoba

Zuwa ga Inna.

Gaisuwa da ladabi. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Na yi kwana uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Kalmar da Baturiyarki ta koya miki haka take, ba ta yi miki ƙarya ba. Amma a wajen masu shari'a tana da wata ma'ana. Ita ce a kwafe takarda da babban hannu mai tsabta, kwafin ƙarshe wanda za a sa wa hannu a buga wa hatimi, ba gogewa ba gyara. In harafi ɗaya ya karkace, a yaga shafin a sake daga sama. Ni ma ban san wannan ba sai da na zo nan. Kuma kowace shari'a da sunan mai ƙara ake kiranta. In suna da yawa sai a rubuta na farko a ce da wasu kaza. Abin da Bature ya gaya miki shi ne ina kwafe shari'ar Zuwairatu da wasu biyu. Shafi tamanin da huɗu ne, kwafi uku. An rantsar da ni kada in yi maganarta da kowa sai ta bar hannuna, shi ya sa na ce miki sai mun haɗu. Ran Alhamis talatin da ɗaya ga wata ake karɓa. In ba ta cika ba ƙarar ta faɗi, tsohuwar ta rasa fadamar da take ci.

Inna, da ni kaɗai kika rubuto wa, da na sha faɗan na yi shiru, ai ba yau kika fara yi mini ba. Amma Indo ba ta jin Turanci, ke ce Turancinta. Abin da kika ce shi Bature ya ce.

Na gaya wa Manu ba zan rubuta takardar saki ba. Na yi masa bayanin nan duka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malama ce fa ta karanta. So kake mu yarda da kai mu ƙaryata uwarka?"

Saura shafi hamsin da ɗaya cikin kwafi na uku. In na ajiye na tafi Ruma yanzu, na kashe tsohuwa, kuma ko na je ba za su yarda da ni ba. In na zauna, za su tafi da ita da cikin wata takwas. Tun da safe na ɓata shafi biyu, abin da ban yi ba a sati bakwai.

Ban san sunana a hannunki haka yake ba. Na daɗe ina dubansa.

Ɗanki,
Armaya'u.

*

Batsari, Lahadi, 27 ga Oktoba

Zuwa ga Hashimu.

Wa alaikumus salam. Ina fata kana lafiya da iyali. Takardunku biyu sun iso rana ɗaya.

Ban yarda da maganar yaron nan take ba, kai ma ban yarda da taka ba, don na san kana sonsa. Na tafi gidan hedimasta na ce ya ara mini babban ƙamus. Ma'anata tana nan, ita ce ta farko. Ta yaron tana ƙasa da ita, layi biyu kawai, da ƙananan baƙaƙe. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da rabin kalma ina zaton duka ce, kuma da wannan rabin na yi wa ɗana ƙazafi a gaban surukansa. Hedimasta ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ya ba ni littafin kwana biyu.

Jiya da safe na ɗaure shi a zane, na hau jakin maƙwabcinmu na tafi Ruma. Na same su sun fara kwance bukkoki. Hamidu ya sa aka shimfiɗa mini buzu, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na buɗe littafin na sa yatsa a wurin na yi masa bayani.

Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce, "Malama, wancan karon ma ai daga takarda kika karanto. Ta yaya zan san yau ce gaskiya ba ranar ba?"

Na ce, "Ba za ka sani ba. Amma shekara nawa kana kawo mini takardun allurar shanu ina karanta maka?"

Ya ce, "Sun fi goma."

Na ce, "Ka taɓa jin na ce na yi kuskure, a kan komai, a gaban kowa?"

Fanta tana daga baya tana ɗaure ƙore, ta ce, "Wa? Malama? Ko hadari ta ce ba zai zubar ba ya zubar, cewa take hadarin ne bai iya ba."

Na ce, "To yau na ce. Ni na yi kuskure, ba yaron ba."

Fanta ta ce, "Tsohuwa mai haƙori biyu. To Allah ya kyauta, ni dai na riga na gaya wa matan ruga uku." Ka ga, Hashimu, wannan kuma ba littafin da zai je ya kwaso shi.

Aka kira Indo. Ta zo ta durƙusa da ƙyar, ƙafafunta sun kumbura. Na maimaita mata komai, na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai. Na ɗauka an gama. Sai ta ce, kanta a ƙasa, "Inna, ko da tsohuwa ce, ai sati takwas ta riƙe shi. Ni da ba ni da fadama fa?"

Ubanta ma bai tsawata mata ba.

Ga abin da Hamidu ya yanke. Ya janye maganar takarda, a yanzu. Shanu za su tashi ran Juma'a da hantsi, wannan ba zai ɗaga ba, ciyawa ta ƙare. In yaron ya zo da ƙafarsa kafin nan, ya zauna a gabansa, Indo za ta zauna wajen kakarta a cikin garin Ruma har ta haihu ta yi arba'in, sannan a yi maganar komawa. In bai zo ba, za a ɗora ta a takarkari ta bi su, ta haihu inda Allah ya nufa, sai damina a zauna. Na ce masa yarinyar ba za ta iya tafiyar ba. Ya ce ita ta ce za ta iya.

Na dawo ban ci komai ba. Ka duba masa tayar keken nan tun yanzu, ka sa a canja in ta canjawa ce. Tasa takardar gobe zan rubuta in haɗa da wannan, ka ba shi hannu da hannu.

Yayarka,
Asama'u.

*

Batsari, Litinin, 28 ga Oktoba

Zuwa ga Akawu.

Assalamu alaikum. Allah ya yi maka albarka.

Na yi maka ƙazafi, ka yafe mini. Sati takwas ɗin kuwa naka ne, ba zan ɗauke maka ko kwana ɗaya ba. Kawunka zai gaya maka sauran.

Ka gama aikin tsohuwa, kada ka ɓata mata harafi. Ran Alhamis da ka miƙa, ka hau keke. In ka iso ƙofar gidan nan kada ka sauka, ba ni ce ke jiranka ba. Ka wuce Ruma, ka kasance a gaban Hamidu kafin hantsin Juma'a.

Na tara ƙannenka yau na gaya musu, kai ma ka ji. Daga yanzu duk takardar da ta shigo gidan nan da maganar wani a ciki, ba mai fassara ta da baki sai mai maganar yana zaune a wurin, ko wa ya roƙa, ko wa ya iya karatun. Har da ni.

Ni ce mahaifiyarka.